Saiwoyi Tara a Ɗakin Baffa

Masu karatun tarihi sun san ɗakunan karatu da wuta ta cinye, da waɗanda ruwa ya tafi da su, da waɗanda gara ta gama da su a hankali ba wanda ya kula. Na karanta labarin wasu daga ciki, na kuma koyar da shi a lekol, wato makarantar boko, shekaru masu yawa ina girgiza kai. Amma ɗakin karatun da aka sauke daga jikin bango, aka raba wa 'yan ta'aziyya, aka dafa aka sha, ban san da wani ba a duk duniya sai na Baffana, ƙanen mahaifina, wanda Allah ya yi wa rasuwa a Dapaong a ƙarshen ranin bana. Allah ya jiƙansa, ya yalwata masa kabarinsa. Mu kuma da muka rage, Allah ya ba mu hankali.

Ban samu jana'iza ba. Ina Sokodé ina tsaron jarrabawa, sai ranar sadakar uku na isa. Kafin nan motoci biyu sun riga ni daga Zangonmu, cike da dangi, har sun fara shirin komawa. Na zauna a tabarma na saurari abin da kowa ya kawo. Liman ya ce bai taɓa juyowa bayan sallama ya rasa shi a sahun farko ba. Tsofaffin mahauta suka ce tun da ya ajiye wuƙa ba a sake samun mai fiɗa irinsa ba, fata ta fita ba ko huda ɗaya. Matan da ke soya awara suka yi kukan gaske, domin duk kaka sai ya aika musu da buhun waken soya kyauta. Babban ɗansa, wanda nake kira Yaya, ya ce Baba ya huta, ya kuma faɗa da muryar da ta sa na yi zargin akwai wani da shi ma ya huta.

Mutum ɗaya ne ya ambaci gona. Wani tsoho ne ɗan ƙabilar Moba, mai ƙasar da ya ara wa Baffa fili a hanyar Korbongou. Yana zaune can gefe a kan kututture, hularsa a gwiwa. Da na je gaishe shi sai ya riƙe hannuna ya ce da irin Hausarsa ta kasuwa, "Tsoho ya tafi. Gona ya rasa ido."

Maganarsa ce ta tashe ni na shiga ɗakin Baffa. Na ɗaga kai. Ƙusoshi tara ne a jere a saman bango, kamar yadda na san su. Babu komai a jikinsu.

Sai na koma baya kaɗan, don wanda bai san shi ba. Gidanmu gidan fawa ne a Zangon Sokodé tun kakanni, tun lokacin da suka biyo shanu da goro suka yada zango ba su ƙara gaba ba. Baffa ya yi fawa har kafaɗarsa ta ƙi. Ya koma Dapaong, garin dangin matarsa, ya ce zai yi noma. Mutane suka yi dariya, suka ce wanda bai taɓa riƙe fartanya ba sai dai ya yanka ƙasar. A shekarun nan ne waken soya ya shigo yankin da ƙarfi, masu saye na zuwa har bakin gona da manyan motoci daga kudu. A nan da sunansa na Faransanci ake kiransa, soja. Baffa ya ce bai taɓa ganin sojan da kowa ke ci ta sama da ta ƙasa yana tsaye bai ce uffan ba.

Ta sama da ta ƙasa. Wannan ne duk karatunsa, shekara goma sha biyar.

Ya yi noma ne kamar yadda ya yi fawa, wato bai yarda da fata ba. Yakan ce ya sha yanka sa mai sheƙi ya tarar hantarsa ta lalace. Idan wani ya zo masa da kukan wakensa ya yi rawaya, ya tsumbure, yana yaushi da tsakar rana ko da an yi ruwa jiya, Baffa ba ya tambayar wane magani ya fesa. Tambayarsa ɗaya ce, "Ka tono?" Ba wanda ya taɓa amsawa da i.

Na tuna ranar da ya zaunar da ni a kan kunya ya koya mini. Ya tuge tsiro biyu, ya wanke saiwarsu a cikin ƙwarya. A idona duka biyun ƙuraje ne da su. Ya sa farcen babban yatsa ya ture ƙullutu ɗaya daga ta farko, ya faɗo kamar ƙwayar dawa. Ya fasa shi, cikinsa ja-ja. Ya ce wannan lafiyayyen nama ne, a gefen saiwa yake zaune, shi ke ciyar da wake, shi ke bar wa ƙasa ƙarfi. Ya ɗauki ta biyu ya kankara, ƙullutun ya ƙi fita, domin saiwar ce kanta ta kumbura ta murɗe. Ya ce wannan kuma aikin na ƙasa ne, wata tsutsa ce da ido ba ya gani, ta shiga ta yi gida ta toshe wa tsiro maƙogwaro. Sannan ya tuge wani tsiron, ya miƙo mini saiwar ta uku ya ce in faɗi wace ce. Na faɗa. Ya dube ni ya ce, "Mushe, da nama nake saya a hannunka da na kashe rabin Zango."

Mushe yake kirana, kamar yadda 'yan lekol ke kiran malaminsu a ƙasar nan. Amma a bakin mahauci kalmar tana da wata ma'ana, kuma bai taɓa barin in manta ba. Yakan ce a sana'arsu mushe bayan gari ake kai shi, a tamu kuma albashi ake ba shi.

Na sama kuwa ƙirga su yake yi. Yana da wani tsohon farin buhu da ya farke. Sai ya shimfiɗa shi tsakanin layi biyu, ya girgiza tsirrai a kai, ya tsuguna yana lissafin abin da ya zubo. Tsutsar ganye ba ta cika tayar masa da hankali ba kafin fure. Yakan ce wake mai lafiyayyar saiwa, ko an huda masa ganye zai sake wani. Wanda yake tsoro shi ne ƙwaron nan mai wari da ke zuwa lokacin da kwanso ke cika, ya soka baki ya tsotse ƙwaya, a zo sussuka a tarar da ƙaiƙayi. Idan ya ga gizo-gizo a kan buhun sai ya ɗauke shi a hankali ya mayar kan ganye, ya ce ma'aikacinsa ne, ba ya cin wake kuma ba ya neman lada. Haka rina. Sai in ƙirga ta wuce yadda zai iya haƙura sannan ya daka 'ya'yan dogon yaro, ya jiƙa, ya tace, ya fesa da la'asar. Dusar da ta rage kuma ya binne ta a ƙasa, don na ƙasa su ma su ɗanɗana ɗacin.

Abin da ya kasa sa wa mutane a kai shi ne cewa yaƙi ɗaya ne. Tsiron da aka shaƙe daga ƙasa ba shi da ƙarfin mayar da ganyen da aka ci daga sama. Ƙwaro biyar da lafiyayyen wake zai ɗauka bai ji ba, su za su kwantar da mai ciwon saiwa. Manomi kuwa abin da ya gani shi yake zargi. Ya ga rawaya, ya ga tsutsa a ganye, sai ya ɗauko famfon feshi. Ya kashe tsutsa, ya kashe gizo-gizo da rina, na ƙasa suna zaune lafiya suna cin abincinsu, bayan mako biyu na sama su dawo ba mai tare su.

A kan wannan ne suka ɓata da Yaya. Wata shekara Baffa ya kwanta zazzaɓi kwana biyar. Yaya ya ga yankin gabas ya yi rawaya, ya samo ragowar maganin auduga a wajen wani abokinsa, ya fesa wa gonar gaba ɗaya, yana ganin ya yi wa uba gwaninta. Baffa ya tashi ya je, ya shimfiɗa buhu, ya girgiza. Gawar gizo-gizo ce ta zubo. An ce ya daɗe a tsugune. Da ya miƙe bai yi faɗa ba, ya tuge tsiro ɗaya, ya kai gida, ya ajiye saiwar a cikin kwanon tuwon Yaya. Wata guda ba su yi magana ba sai gaisuwa. A kaka kuma masu saye suka ƙi waken, domin irin wanda ba a taɓa shi da guba ba suke nema. Yaya har yau yana cewa da bai fesa ba da ko wannan ba a samu ba.

Ni ma ina da nawa laifin, kuma ya fi na Yaya, domin ni da ilimi na yi shi. Wani malamin gona ya zo taro a ƙauyen da gonar take, ba ya jin Hausa, aka ce ga malamin lekol ya zo hutu, ya yi tafinta wa 'yan Zango. Mutumin ya yi bayani mai kyau a kan nematod, sunan na ƙasa ke nan a littafi. Na lalubi kalma a kaina, na ce tsutsa. Gaskiya na faɗa, tsutsa ce. Amma manomi in ya ji tsutsa, abin da ke tafiya a kan ganye yake gani. Ranar kasuwar Dapaong mai sayar da maganin feshi ya yi ciniki. Baffa ya bi ni har tashar mota, ya ce, "Kalma ɗaya aka ba ka ka tsallakar da ita titi, ka bari mota ta take ta." Ya shafe damina biyu yana bin gonaki yana gyara fassarata da hannu.

Sun yi masa dariya a kan abubuwa da dama, amma ba kamar wankin fartanya ba. Ba ya fita daga wani yanki ya shiga wani sai ya kankare ƙasar da ke jikin fartanya da takalmi, ya wanke su. Ya ce na ƙasa ba su da ƙafar tafiya nesa, mu ne zemijan ɗinsu, wato 'yan acaɓansu, kuma ba sa biyan kuɗin mota. Mutanen ƙauye suka ce Alhajin Zango yana yi wa fartanya alwala. Ya ji, ya ce ai gara tasa, tana yi.

Shekarar da gonar tsohon ɗan Moba ta lalace, Baffa ya je ya tono, ya nuna masa, ya ce kada ya sake sa soja a wurin sai an yi damina biyu ko uku, kada kuma ya kuskura ya sa kuɓewa ko tumatir, domin su ne tuwon na ƙasa. Ya sa dawa, ya sa gero, ya sa gyaɗa, yunwa ta rage su. Tsohon ya ce to a bana me iyalinsa za su sayar? Baffa ya ce yankin da ke kusa da ɗorawa ya yi masa nisa, kafaɗarsa ba za ta iya ba, ya taimaka ya girbe shi. Yankin nan shi ne mafi kusa da hanya, kuma shi ya fi kowanne kyau a shekarar. Tsohon ne ya ba ni wannan labari a kan kututture. Baffa bai taɓa faɗa ba.

Yanzu ga ƙusoshin. Baffa ya raba gonar gida tara da jerin duwatsu. Duk shekara in wake ya yi kwanso, sai ya tuge tsirrai daga kowane yanki, ya duba, ya wanke saiwar, ya ɗaure dami ɗaya ya rataye. Launin zare shi ne hukunci. Fari, ƙasa lafiya, a sa soja baɗi. Baƙi, an fara, a yi hattara, a ƙara ƙirgar na sama a wurin domin ba zai jure ba. Ja, a huta, a sa dawa. Yawan ƙullin da ke jikin zaren kuma shi ne lambar yankin. Da rani ba yadda za a yi ka san wannan ta kallon ƙasa. An girbe, saiwa ta ruɓe, fili duk iri ɗaya ne. Abin da ke rataye a bango shi kaɗai ke faɗin inda za a shuka me in ruwa ya sauka.

Sau nawa na ce zan kwafe masa a littafi? Har littafin na saya, mai bango shuɗi. Yana nan a akwatina, na rubuta kwanan wata a shafin farko. Kullum sai in ce hutu mai zuwa.

Matarsa, Inna, ita ta faɗa mini abin da ya faru. Ranar jana'iza 'yan'uwa daga Sokodé suka shiga ɗakin suna neman abin tabarruki. Wani ya ɗauki carbi, wani hula. Sai aka ɗaga kai aka ga saiwoyi a ɗaure da zare kala-kala. To, tsoho mai shekara saba'in da 'yan kai, yana noma da hannunsa, ba ya zuwa asibiti, ga saiwoyi a ɗakinsa. Wane ɗan Zango ne zai ga wannan ya yi tunanin wake? Aka ce ashe ga sirrin. Inna tana cikin takaba, fuska a rufe, ta ji ana ta Allah ya saka wa mamaci, ba ta san me ake saukewa ba.

Na koma Sokodé na shiga gida-gida. Ban damu da saiwar ba, zaren nake nema. Sai da na yi kwana tara. Wani ya rantse bai ɗauka ba alhali ina jin warin abin a tukunya. Wata ta ce in so nake a raba da ni in faɗa kawai, ba sai na ƙirƙiro zancen tsutsa ba. Wani tsohon mahauci ya saurare ni har ƙarshe, ya gyaɗa kai, ya ce haka masu asiri suke, ko ɗan ɗan'uwansu ba sa faɗa wa gaskiya. Na samo zare huɗu da ƙullinsu: fari biyu, baƙi ɗaya, ja ɗaya, na yanki na takwas. Dami ɗaya ya bi wani ɗan kasuwa ƙetaren iyaka. Ɗaya akuya ta cinye har da zaren. Uku suna wajen Gwaggo.

Kafin in je wurinta Yaya ya kira ni. Ya ce an yi ruwa biyu, masu saye sun riga sun zo sun yi magana, shi ba zai tsaya jiran zare ba. Na ce ya ba ni kwana biyu, ko kuma ya sa dawa a duk inda ba mu sani ba, shekara ɗaya ce. Ya ce, "Mushe, kai wata na ƙarewa ana ba ka. Ni gonar ce watana." Ya ce na takwas zai bar wa dawa, don girman Baba.

Gwaggo ita ce babbar su Baffa da mahaifina, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Ta haura tamanin, ciwon baya ya lanƙwasa ta. Na durƙusa na gaishe ta, na yi mata ta'aziyya, muka yi kuka kaɗan. Ta ba ni labarin yadda ta goya shi, da yadda tun yana ƙarami ba ya cin mangwaro sai ya tsaga ya duba ciki. Sannan na kawo zancen a hankali. Ta ce af, zaren? Ai ta adana, ita ba ta yar da kayan ɗan'uwanta. Ta sa hannu ƙarƙashin matashi ta fito da su a naɗe cikin tsumma. Ja biyu, fari ɗaya. A miƙe suke sumul.

Na ce, "Gwaggo, ina ƙullin?"

Ta dube ni kamar yau ta fara ganina. Ta ce malami kamar ni, har sai an gaya mini ba a shigo da ƙulli gida? Ta san ɗan'uwanta mutumin kirki ne, amma mutum ba ya sanin wanda ya ba shi abu. Ta zauna ta kwance su ɗaya bayan ɗaya, kowane ƙulli da addu'arsa, don kada wani abu ya bi shi kabari. Na tambaye ta ko ta tuna nawa ne a kowanne. Ta ce da yawa dai, har yatsunta suka yi ciwo.

Da wa zan yi faɗa? Ta yi abin da ta sani ne don ƙauna, kamar yadda Yaya ya fesa don ƙauna, kamar yadda na fassara don a gane. Mutumin nan ya shekara goma sha biyar yana ce mana mu tono mu duba, ya mutu, muka shiga ɗakinsa muka kalli abu daga waje muka yanke hukunci.

Makon jiya na je Korbongou. Wake ya tsiro a sauran yankuna takwas, kore shar, layi-layi, gwanin kyau. Aƙalla biyu daga cikinsu ja ne, ban san waɗanne ba, sai watan takwas za su faɗa da kansu. Tsohon ɗan Moba yana zargin na kusa da rafi. Inna ta ce ta sha jin yana tsaki a kan na bayan suri, amma ba ta tabbata ko a bara ne ko bara waccan ba. Na tarar da farin buhun a rumbu, na ɗauko. Na sayo zare kala uku a kasuwar Dapaong, na kuma fito da littafin mai bango shuɗi. Yaya ya gan ni ina wanke takalmi a bakin duwatsu, ya kau da kai ya wuce. Sabon famfon feshi na jingine a ɗakinsa, ko ledar ba a cire ba.

Da zan bar gidan Gwaggo ran nan, ta kira ni daga ƙofa. Ta ce in na koma Dapaong in duba ko da saura. Ta dafa duka ukun ta sha, bayanta ya yi sauƙi, kuma na jan zaren ya fi aiki.